Yaya Kubura Mai Jere da Tarin da Ta Ɓoye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 15 ga watan Oktoba 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Kubura Labaran, wadda matan Kankiya da Kusada suka fi sani da Kubura Mai Jere. Ta rasu a asibiti a Katsina bayan jinyar kwana goma sha tara, tana da shekara hamsin da shida. Aka kawo ta gida Kankiya, aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta bayan sallar la'asar. Ta bar mijinta, Malam Sodangi, malamin Islamiyya, da 'ya'ya huɗu da jikoki bakwai.

Ina tsakar gidana a Kusada ina shanya gyaɗa wayar ta shigo. Malam Sodangi ne da kansa. Ya ce, "Malama Hafsatu, sai haƙuri. Abokiyar aikinki ta cika." Na yi salati, na nemi wuri na zauna. Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Tsoro ne ya fara zuwa, kuma har yau da nake wannan rubutu, kwana goma sha uku da rasuwarki, Yaya Kubura, bai sake ni ba. Zan faɗi dalilinsa. Amma bari in fara da yadda na san ki, don wanda bai san ki ba ya san abin da muka rasa.

A shekarar 2013 aka sa ranar auren 'yata Salma. Mahaifinta ya rasu da shekara biyu, ni kuma ina koyarwa a firamare. Dangin angon 'yan kasuwa ne a Kankiya, duk matan gidansu daga Kano aka yi musu kayan ɗaki. Na san 'yan ganin ɗaki, don na sha zama a cikinsu a bikin wasu. Na ga yadda ake ɗaga zanen gado a latsa katifa, a ƙwanƙwasa durowa a ji ko katako ce ko kwali, a fita ana ƙus-ƙus. Na san wata amarya da aka laƙaba wa suna tun daga ranar, har ta yi jika ba a daina kiranta da shi ba. Ban iya jure a yi wa marainiyata haka ba. Sai na yanke shawarar sayar da gonar da na gada a Ƙofa, wadda daga ita muke samun geron shekara. Har dillali ya je ya zagaya ta. Wata malama da muke aiki tare ce ta ce kafin in sa hannu a takarda in nemi wata mata a Kankiya.

Kika zo a bayan babur, da dogon hijabi ruwan toka da wata tsohuwar jaka mai ƙarar ƙarafa. Ba ki tambaye ni abin da nake so in saya ba. Bayan gaisuwa kika ce in nuna maki inda nake tara shirgi. Na kai ki ina jin nauyi. A can ciki akwai gadon ƙarfe mai rumfa na aurena, ya yi tsatsa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Ga kabet mai ƙofa ɗaya. Ga kujeru uku da sosonsu ya fito waje. Kika kama ƙafar gadon kika jijjiga, bai motsa ba.

"Malama, mi wanga gado ya yi maki?"

Na ce, "Ya tsufa, Yaya."

Kika ce, "Ke ma kin fara tsufa. An yar da ke?"

Kwana goma sha takwas muka yi a kansu. Kika kankare tsatsar da samfefa, takardar nan mai kaushi, da kananzir har ƙarfen ya fito fes, kika shafa masa fenti ruwan madara, kika bi zanen kan gadon da ruwan gwal da wani ɗan buroshi da bai fi tsinke kauri ba. Kujerun kika yaye su, kika sa sabon soso da yadin da muka yanko a kasuwa. Kika sa na buɗe akwatina, kika zaɓi leshi biyu na lefena da na shekara ashirin ban ɗaura ba, suka zama labule. Kabet ɗin kika yi masa ƙofa da katakon wani benci. Abin da muka saya sabo kawai katifa ce da ledar ɗaki da tukwane, don kin ce waɗannan ba a ba amarya kwancensu.

Ranar ganin ɗaki gwaggon ango, wata Hajiya da kowa yake shakkar bakinta, ta shafa kan gadon ta ce, "Wannan a wane kanti aka samo shi a Kano?" Wallahi na buɗe baki zan yi ƙarya. Kika riga ni. Kika ce, "Ba na kanti ba ne, Hajiya. Gadon uwatta ne, bisa shi aka haihe ta." Na ce a raina shi ke nan, kin tona mana asiri a gaban surukai. Hajiyar ta zauna a bakin gadon, ta ɗan girgiza, ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta ce tana da irinsa an jingine shi a bayan gida, yaushe za ki samu zuwa ki gani. Da muka fito na yi maki ƙorafi. Kika ce, "Malama, ƙarya ta fi tsohon gado cin fenti. Kullum sai kin sake shafa mata."

Gonar Ƙofa tana nan. Geron da muka yanka bana daga cikinta ya fito.

Daga baya na ji tarihinki daga bakinki. Mahaifinki, Malam Labaran, kafinta ne a Kafinsoli, kuma ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, sai ke kika zama mai riƙe masa katako in yana yanka. Kafin a yi maki aure kin iya zarto da guduma fiye da wasu masu shago. Da kika shigo gidan malamai kika ajiye, sai da ƙanwarki ta tashi aure babu hali, sannan kika ciro jakar. Daga ɗakinta labari ya bazu. Malam Sodangi ya ba ki wani ɗaki a bayan gida, jikin katangar makarantar Islamiyyarsa, nan ya zama wurin aikinki. Da na yi ritaya a 2016 na ce ki ɗauke ni ɗaliba. Tun daga lokacin, kwana uku a kowane mako, nakan hau mota daga Kusada in zo mu yini tare.

Ba zan iya lissafa abin da hannunki ya yi ba. Na ga kin naɗe tsohuwar tayar mota da igiyar rama ta zama teburin tsakar ɗaki. Na ga kin cusa ƙyallayen tela a buhu, kin lulluɓe da atamfa, ya zama tum-tum da baƙi suke rige-rigen zama a kai. Faifan da muke rufe fura da su, ke kika fara jera su a bango da zaren launi, yanzu har a gidajen masu hali ana yi. In uba ya zo yana maganar kama zauren biki da hayar kujeru, sai ki ce ya nuna maki tsakar gidansa tukuna. A share, a yayyafa ruwa, a ɗaura igiya daga bango zuwa bango a rataya zannuwan dangi su yi inuwa, a aro tabarmin makaranta, a dafa zoɓo da kunun aya a gida, ke da kanki ki kwaɓa lallen amarya. A watse kowa yana yabawa, uban kuma ya kwana da hatsinsa a rumbu. Ba ki taɓa yanka wa kowa farashi kafin ki ga yadda gidansa yake ba. Wata ta kawo maki kwanon wake, wata kaza, wata ba ta da komai sai godiya, kuma aikin duka iri ɗaya ne.

Ina tuna damina ta shekara biyar da ta wuce. Saura kwana uku a kai wata yarinya, Murja, a Kafinsoli, ruwa ya rusa ɗakin da aka tara kayanta. Uwarta ta zo Kankiya a ƙafa, zanenta duk taɓo. Kika ajiye abincin da kike ci kika bi ta. Durowar ta kumbura ta tsage, madubin ya fashe, katifar ta sha ruwa. Kika tsinto abin da zai tsintu, kika aika aka kwance madubin ɗakinki da labulen ƙofarki, kika ɗauko katifar da kika ajiye wa autarki. Aka kai Murja ranar da aka sa. Ɗakinki ya yi wata huɗu ba labule, kika rataya tsohon zane. Da na yi magana kika ce ke ba amarya ba ce, ba wanda zai zo ganin ɗakinki.

Yanzu sai in zo ga ɗakin aikin. Ƙarami ne, rufin kwano, da taga ɗaya da take kallon ajin yara. Tagar nan kullum a rufe take, har kin toshe ramukanta da tsumma. Dalili biyu kika ba ni. Na farko, ƙura tana ɓata banish, man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, in bai bushe ba. Na biyu, wanda ya fi damun ki, ba ki so warin fenti da tina, ruwan da ake tsinka shi da shi, ya shiga wa yara suna karatu, don an taɓa samun wata yarinya mai asma da numfashinta ya ɗauke. A cikin ɗakin nan muke goge tsohon fenti har garinsa ya rufe mana gira, a ciki muke dama gam, a ciki muke fesa banish da injin da kika saya hannu na biyu. In idanunmu suka yi ja sai mu yi dariya, mu sha madara, don haka muka ji masu fenti suna cewa tana wanke ƙirji. Wani lokaci mu ɗaure hanci da gefen ɗankwali, in zafi ya ishe mu mu kwance. Ke kin yi fiye da shekara ashirin a haka.

Tarin ya fara maki shekara uku da suka wuce. Busasshe ne, ba kaki. Kika ce mura ce. Da ya wuce wata kika ce sanyin damina ne, da rani ya shigo kika ce zafi ne. Kika yi ta shan citta da zuma da kanumfari. In Malam yana gida sai ki danne shi a cikin hijabi, ko ki shiga ɗakin aiki ki kunna injin don ƙararsa ta rufe. Ni ina gani. Na ga lokacin da kika fara tsayawa a tsakiyar zaure ki dafa bango kafin ki ƙarasa. Na ga zoben hannunki ya fara yi maki yawa, kan yatsunki kuma ya kumbura, farcen ya lanƙwasa. Sau biyu na ce mu je asibiti, kika ce bari a gama bikin wance, daga shi sai na wance. Ban matsa ba. Wannan yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kai. Ban matsa ba ne don ina tsoron abin da za a ce, ba don ke kaɗai ba.

A watan Agustan bana wani makiyayi daga Kaikai, Malam Bube, ya zo da amalanke har ƙofar gida. Shekara biyu da suka wuce ɓarayi suka kore masa garke, aka bar shi da saniya ɗaya mai tatsa da maraƙinta. Matarsa ta rasu. 'Yarsa Lami, wadda take kawo nono kasuwa, ita take riƙe da gidan, ga shi ta samu wanda take so an sa rana, 24 ga Oktoba. Ya sauke wani gadon katako da gara ta ci ƙafarsa ɗaya, da kabet marar gilashi, da buhu cike da ƙorai na marigayiyar matarsa. Ya tsuguna ya ce an ce masa kina gyara. In ba za su gyaru ba ki faɗa masa gaskiya, zai kai saniyar kasuwa ya sayi sababbi, don ba zai bari a kai ɗiyarsa kamar wadda ba ta da kowa ba. Kika tambaye shi in ya sayar da saniyar me ƙannen Lami za su sha. Kika ce ya koma da amalankensa, ya bar saniya inda take, ranar jere ya zo ya gani.

Mun sauya ƙafar gadon, mun goge kabet ɗin, mun yi masa shafin farko, sai ranar Juma'a 26 ga Satumba kika faɗi a bakin ƙofar ɗakin, buroshi a hannunki, leɓɓanki sun yi duhu. Aka kai ki asibitin Kankiya, daga nan aka tura mu Katsina.

Aka yi gwajin tarin fuka, ba shi ba ne. Aka ɗauki hoton ƙirji. Ina tsaye a gefen gadon likitan ya zo da hoton ya ɗaga shi sama. Ya ce huhun ya yi tabo ya ƙanƙance, kuma tabon irin wanda ba ya komawa ne. Ya tambayi sana'arki. Da aka faɗa masa ya tambaya ko wurin yana samun iska, ko muna rufe hanci da abin da ya dace. Ya ce ba zai rantse cewa wannan kaɗai ne sanadi ba, amma shekarun da aka yi ana shaƙar wannan gari da wannan wari a rufaffen ɗaki ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Hajiya, ke ma kina shiga ɗakin?"

Na ce ina shiga.

"Shekara nawa?"

Na ce tara.

Ya rubuta wata takarda ya miƙo mini, ya ce in je a yi mini hoto tun da ina cikin asibitin. Na karɓa na gode. Na ninke ta huɗu na tura ƙasan jaka. Abin da ban faɗa masa ba, ban faɗa wa Salma ba, ban faɗa wa kowa ba, shi ne tun azumin da ya wuce nake tari. Busasshe, ba kaki.

Ranar Lahadin ƙarshe na same ki a jingine, da robar iska a hanci, kina magana kalma biyu-biyu. Ba ki tambayi gida ba, kika tambayi kabet ɗin Lami, ko an yi masa shafi na biyu. Na ce za a yi. Ina cikin faɗa tarin ya taso mini. Na juya baya na danne shi da hijabi, yadda na koya a wurinki. Da na juyo idanunki suna kaina.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Mura ce, Yaya."

Kika ce, "Haka ni ma na ce."

Kika huta, kika kama hannuna. Hannunki ba nauyi, kamar kara. Kika ce, "Na rufe taga don kar yara su shaƙa. Na mance mu ma mutane ne. Ni na jawo ki ɗakin nan, ki yahe mani." Na ce ba ki yi mini komai ba sai alheri. Kika ce in fitar da aikin waje, ƙarƙashin iccen bedi, dogon yaron nan da ke ƙofar gida, ko da ƙura za ta ɓata banish. In kuma je a duba ni, kada in jira bikin kowa. Na yi alkawarin duka biyun. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Bayan an binne ki na kasa kusantar ɗakin. Ina zaune cikin mata ana karɓar gaisuwa, in iska ta kaɗo warin fenti daga bayan gida sai ƙirjina ya ƙulle, in rasa gane ko ciwo ne ko fargaba. In na hau matakalar zaure sai in tsaya in saurari numfashina. Na riƙa duban farcena a ɓoye. Ranar sadakar uku Malam Bube ya zo ta'aziyya. Bayan an yi addu'a ya nemi ganina, ya tsuguna daga nesa ya ce, "Malama, a bar aikin. Mai aikin ta tafi, Allah ya ba ta ladan niyya. Zan kai saniyar kasuwa." Saura kwana bakwai ɗaurin aure. Na san abin da ya kamata in ce, amma tsoro ya hana ni, don na san in na ce zan yi, sai na shiga ɗakin nan.

Malam Sodangi yana jin mu. Ya tashi daga kan buzunsa, da farar rigarsa, ya karɓi makulli ya buɗe ɗakin. Shi da babban ɗanku Sagir suka riƙa ciccibo kaya suna direwa a gindin bedi: gadon, kabet, gwangwanayen fenti, buhun ƙorai. Ya koma ya fizge tsummokaran tagar ya banƙare ta. Da ya fito idanunsa sun kaɗa, ya ce, "Shekara ashirin ina wuce ƙofar nan ina jin warin nan, ban taɓa cewa komi ba. Ina can ina koya ma yara cewa rai amana ne." Ya dubi Malam Bube ya ce ya bar saniyarsa, alkawarin Kubura alkawarin gidan nan ne.

Washegari da na iso daga Kusada na tarar da mata a gindin iccen, su goma sha ɗaya, duk waɗanda kika yi wa jere ko kika yi wa 'ya'yansu. Murja ta zo daga Kafinsoli da goyo, da keken ɗinkinta a kan babur. Wata ta kawo gilashin tsohuwar tagarta aka yanka wa kabet. Salma ta kawo atamfa biyu. Sagir ya sayo mana takunkumi mai kauri da fenti mai haɗin ruwa, muka bar tina da injin fesawa inda suke. Ni nake nuna musu. Ƙura ta hau shafin, ganyen bedi ya faɗa a kai, muka goge muka sake. Bai yi sheƙi kamar naki ba, ba zan yi ƙarya ba. Ƙoran mahaifiyar Lami muka wanke da toka, muka goge su da man shanu har zanen jikinsu ya fito.

Ranar Alhamis muka tafi jere. Direban ya ce da sharaɗin mu bar Kaikai kafin la'asar, don ba ya son yamma ta yi masa a hanyar saboda ɓarayin daji, mu ma babu mai so. Duk babur ɗin da ya ɓullo daga cikin dawa sai motar ta yi shiru har ya wuce. Allah ya kai mu lafiya. Muka shimfiɗa leda, muka kafa gado, muka rataya labule, muka jera ƙoran a kan kabet daga babba zuwa ƙarama, da ludaya a tsakani. Da aka shigo da Lami ta leƙa, ba ta dubi labulen ba, ba ta dubi gilashin ba. Ta tafi kai tsaye ta ɗauki wata ƙwarya mai ɗinki a baki, ta ce a cikinta innarta take dama musu fura, ta rungume ta ta durƙusa. A nan ne kukan da na yi kwana takwas ina jira ya zo mini. Malam Bube bai shiga ba, ya tsaya a bakin danga yana tambaya ko an gama. Da za mu tafi ya miƙo mana ƙwaryar kindirmo, ya ce na saniyar ne, a kai wa Malam Sodangi.

Alkawari ɗaya ya cika, saura ɗaya, kuma ba ni da sauran bikin da zan fake da shi. Ranar Asabar na zaunar da Salma na faɗa mata. Ta yi kuka, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. Jiya Litinin ta raka ni Katsina. Na ciro takardar daga ƙasan jaka, har rubutun ya fara gogewa a wurin ninkin. Muka bi ta gaban ɗakin da kika kwanta, wata ce a kan gadon. Aka ɗauki hoton, aka sa na hura wani bututu har na ga duhu-duhu, aka ce in dawo ranar Alhamis likita ya duba.

Ga mata da 'yan mata da suka koyi wannan sana'a a hannun Yaya Kubura, a Kankiya da Kusada da ƙauyukanmu, kada ku bar ta, don ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ku yi ta a sarari inda iska take, ku rufe hanci da abin kirki, kuma wadda ta ji tari ya wuce mako uku kada ta ce mura ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Sodangi, da Sagir da ƙannensa, da jikokinta, da dangin Malam Labaran na Kafinsoli, da duk uwar da ta taɓa zuwa ƙofar gidanta da fargaba ta koma da kwanciyar hankali. Allah ya ba ku haƙuri mai kyau, ya ba ku ladan jinya. Ya Allah, baiwarka Kubura ta zo gare ka. Ta suturta bayinka a ranar da suke tsoron tonon asiri, ka suturta ta a ranar da babu sutura sai taka. Ka sa wahalar numfashin da ta sha ta zama kaffara, ka sauƙaƙa mata tambaya, ka yalwata makwancinta, ka haɗa ta da iyayenta a Aljannar Firdausi. Ka yafe mata, ka yafe mana shirun da muka yi. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ni kuma, duk wanda wannan rubutu ya iso gare shi kafin Alhamis, ya sa ni a addu'a. Ina jin tsoro ƙwarai. Amma zan je.

Hafsatu Ashafa
Kusada, 28 ga Oktoba 2025